Yadda ake yanka bulon siminti da hannu ba tare da ya farfashe ba

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya cewa yana ƙara ɗaki ɗaya da ɗan shago a gidansa, a unguwar da wutar lantarki ba ta zama, kuma ba shi da halin hayar janareta da injin yanka. Ya ce duk lokacin da birkilansa ya buƙaci rabin bulo ko wani gutsure, sai ya ɗora bulon a ƙasa ya sare shi da gefen cokalin gini, wani ya rabu daidai, wani kuma ya tarwatse, har ga shi an tara tulin ɓaraguzai a gefe. Yana so ya san yadda ake yanka bulo da kayan hannu ya fita da kyau, da irin kayan da ya kamata ya saya, da kuma inda aikin hannu ba zai wadatar ba.

Malam, abu na farko da zan so ka riƙe shi ne cewa guduma da cizal ba sa yanka bulo kamar yadda zarto yake yanka katako. Abin da suke yi shi ne su nuna wa tsagewa hanyar da za ta bi. Kankare yana da ƙarfi ƙwarai idan aka danne shi, amma idan aka ja shi ko aka buɗa shi, ƙarfinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Bakin cizal idan ya shiga jikin bulo yana tura ɓangarorin biyu su rabu da juna, kuma tsagewar da ta fara za ta bi duk inda ta sami rauni. Idan kai ne ka riga ka tanadar mata layi mai rauni, nan za ta bi. Idan ba ka tanada ba, za ta nemi nata, ta bi ta inda yashi ya yi yawa ko inda bulon bai daddanne ba lokacin da masu bulo suka buga shi. Wannan shi ne dalilin da sara ɗaya mai ƙarfi da gefen cokali yake zama caca, yau a dace gobe a yi asara.

Kafin maganar kayan aiki, sai mun duba bulon kansa, domin rabin matsalar daga can take fitowa. Bulon da aka saba da shi a Najeriya tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, faɗinsa kuma 225 ga wanda ake kira inci tara, ko 150 ga inci shida. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin ma'aunin Faransa an fi samun mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, faɗinsa 15 ko 20. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, wato SON, tana da ƙa'ida mai lamba NIS 87 da ta tanadi yadda za a haɗa siminti da yashin bulo, amma duk wanda ya daɗe a harkar gini ya san cewa masu buga bulo da yawa suna miƙa buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ya fitar da bulo fiye da abin da wannan haɗin zai bayar. Irin wannan bulon ba ya tsagewa, marmashewa yake yi, kuma babu gwanin da zai fitar da miƙaƙƙen yanka daga jikinsa. Haka nan bulon da bai sha ruwa ba. Siminti yana buƙatar danshi kafin ya kama, shi ya sa ake ba sabon bulo ruwa na aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi sai ya yi kwana 28. A lokacin hunturu da bazara, bulon da aka buga da safe aka bari a rana da iska yakan bushe kafin simintin ya gama aikinsa, sai ka ga fuskarsa tana zubar da gari idan ka goga yatsa.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ina ƙwanƙwasa bulon da ƙotar guduma ko da bayan cizal. Mai kyau yana ba da ƙara mai kaifi, maras kyau kuma sautinsa a dushe yake kamar an bugi busasshiyar ƙasa. Sannan ina kartar gefensa da ƙusa. Idan ƙusa ta shiga ba tare da wahala ba, to wannan bulon bai dace da bangon da zai ɗauki nauyi ba, balle a ce za a yanka shi. A nan zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba sa son ji: bulon da gefen cokali yake rabawa da sara ɗaya ba abin alfahari ba ne ga birkila, shaida ce cewa simintinsa ya yi kaɗan. Bulo mai inganci yana lanƙwasa bakin cokali kafin ya rabu.

Kayan da kake buƙata ba su da yawa. Na farko shi ne cizal mai faɗin baki, wanda faɗinsa ya kai milimita 75 zuwa 100, domin shi ne yake ba da miƙaƙƙen layi. Na biyu ƙaramin cizal mai bakin milimita 20 zuwa 25, na buɗe ƙananan gurabe da gyaran baki. Na uku gajeriyar guduma mai kai biyu, wadda nauyinta yake tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi. Sai tef na awo, da sikwaya mai fitar da kusurwa daidai, da alli ko gawayi, da tabarau na kare ido. Kada a yi amfani da hamar kafinta mai cire ƙusa wajen bugun cizal, domin ba ta da nauyin da ake so, kuma fuskarta mai tauri ce ƙwarai, tana iya ɓallewa ta yi tsartuwa idan ta haɗu da wani ƙarfen. Idan za ka ba maƙeri ya ƙera maka cizal, ka ce ya yi da sifirin ɗin mota, wanda yake riƙe kaifi. Wanda ake yi da guntun rodi yana da araha, amma bakinsa yana dakushewa tun kafin a gama bulo biyar, kansa kuma yana bajewa da wuri.

Awo shi ne wurin da ake yawan yin kuskuren da ba a lura da shi sai an ɗora bulon a kan bango. Ba faɗin giɓin ake yankawa ba, sai an cire kaurin kwaɓin da zai shiga gefe da gefe. Idan giɓin da ya rage tsakanin bulo biyu milimita 320 ne, kuma kaurin kwaɓinka 15 ne a kowane gefe, to gutsuren da kake so 290 ne. Ka sa alama, ka ɗora sikwaya, ka zana layin ya zagaye bulon gaba ɗaya: fuska biyu, sama da ƙasa. Mutane da yawa suna zana fuska ɗaya su kintaci ɗayar da ido, sai yankan ya fito a karkace, gaba ya yi daidai baya ya zarce.

Bayan haka ka shimfiɗa yashi mai kaurin inci biyu ko uku a wuri mai laushi, ka kwantar da bulon a kai da fuskarsa a sama, ramukan suna kallon gefe, ka ɗan murza shi har ya zauna ko'ina. Wannan shimfiɗar ba ado ba ce. Bulon da aka ɗora a kan daɓen siminti ko a kan wani bulon yana taɓa ƙasa ne a wurare biyu ko uku kawai, kuma duk bugun da ka yi zai koma ta waɗannan wuraren ya fasa kusurwa. Yashi yana tallafe shi ko'ina, yana kuma shanye girgizar.

Yanzu sai ka ɗora bakin babban cizal a kan layin, a tsaye, ka yi masa bugu mai sauƙi, irin wanda nauyin gudumar kaɗai yake yi ba tare da ka sa ƙarfin kafaɗa ba. Ka matsar da cizal ɗin gaba yadda zai ɗan hau kan inda ya bari, ka sake bugawa, har ka kai ƙarshen fuskar. Abin da kake nema a zagayen farko shi ne ɗan kwari mai zurfin milimita uku ko makamancin haka. Ka juya bulon, ka yi wa ɗaya fuskar haka, sannan ka taɓa bakin sama da na ƙasa inda layin ya ratsa kaurin fuskokin. Ka koma fuskar farko ka sake bin kwarin da ɗan ƙarin ƙarfi, ka juya, ka maimaita. A zagaye na biyu ko na uku za ka ji sautin ya sauya, ƙarar nan mai kaifi ta koma dusasshiya, wani lokaci ma ka ga siririn layi kamar gashi ya bayyana a cikin kwarin. Wannan ne lokacin da za ka ɗora cizal a tsakiyar fuskar ka yi bugu ɗaya mai nauyi, bulon ya rabu. Wanda ya saba yana gama wannan duka cikin minti biyu ko uku, kuma sabon shiga ya fi yin asara a zagayen farko, inda haƙuri yake ƙare masa ya ɗaga guduma sama tun kwarin bai samu ba.

Idan cizal ɗinka mai gangare a gefe ɗaya ne, ka juya gefen da yake miƙe ya kalli ɓangaren da kake so, gangaren kuma ya kalli wanda za a yar, domin ɓallewar baki ta fi faruwa ta wajen gangaren. Bayan rabuwa za a sami 'yan tsinin kankare da suka fito a bakin yankan. Ka tsayar da gutsuren, ka bi su da ƙaramin cizal daga waje zuwa cikin rami, kaɗan kaɗan. Idan ka buga daga ciki zuwa waje, fuskar ce za ta ɓalle. Ba lallai bakin ya yi sumul ba, domin kwaɓi ya fi kama wuri mai kaushi, kuma filasta za ta rufe sauran.

Akwai wani abu game da rabin bulo da ya cancanci a tsaya a kansa. Bulo mai rami biyu yana da bango uku a ciki: biyu a ƙarshe, ɗaya a tsakiya. Layin rabi daidai, wato milimita 225, yana faɗawa ne a kan bangon tsakiyar, kuma raba wannan bangon gida biyu a tsawonsa da cizal abu ne mai wuya, sau da yawa ɓangarorin biyu duka suke lalacewa. Abin da ya fi shi ne ka matsar da layin ya bi gefen bangon tsakiyar. Za ka sami rabi ɗaya rufaffe ta kowane gefe, mai ƙarfi, wanda ya ɗan fi rabi da kaɗan, da wani mai buɗaɗɗen baki wanda ya ɗan gaza. Rufaffen shi ake kaiwa bakin ƙofa da taga da ƙarshen bango, inda za a kafa firam kuma ake son gefe mai ƙwari. Buɗaɗɗen kuma a sa shi a tsakiyar sahu, bakinsa yana kallon bulon da ke kusa, a cika wurin da kwaɓi sosai. Na sha ganin an juya buɗaɗɗen baki yana kallon ƙofa an toshe shi da takardar buhun siminti an shafe da filasta, bayan shekara guda firam ɗin ya fara girgiza.

Yawan yankan da za ka yi ma ana iya rage shi tun kafin a kwaɓa siminti. Ka sa birkila ya jera sahun farko a bushe, ba kwaɓi, daga kwana zuwa kwana, wato daga wannan kusurwar gini zuwa waccan, a ga inda giɓi zai faɗo. Da bulo inci tara, kwana tana ba da haɗin rabi da kanta, wato kowane bulo ya hau rabin na ƙasa da shi, tunda faɗinsa rabin tsawonsa ne. Da inci shida kuwa, kwana tana ba da hawan milimita 150 ne kawai, wato kashi ɗaya cikin uku na tsawon bulo. Wannan ya wadatar, domin abin da magina suke kiyayewa shi ne kada hawan bulo a kan na ƙasa da shi ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Amma idan ana son haɗin ya faɗa tsakiya daidai, sai a rage wa bulon kwana milimita 75 ya koma 375, kuma tunda wannan yankan yana tafiya da bangon ƙarshe, rufaffen gefen ne zai kalli waje. Kada a yarda da siririn gutsure mai faɗin yatsu uku a bakin ƙofa. Idan lissafi ya kawo haka, gara a rage bulo biyu a cikin sahun, kowanne kaɗan, da a liƙa ɗan ƙaramin abin da ba shi da mariƙa. Kuma idan ba a riga an kawo maka bulon duka ba, ka tambayi masu bugawa su buga maka rabi-rabi, domin da yawansu suna iya sa faranti a tsakiyar abin bugun. Kowace ƙofa tana cin rabin bulo a kowane sahu na biyu ta gefe biyu, saboda haka lissafin ba shi da wuya.

Yankan da ya fi wahala shi ne na rage tsayin bulo, kamar idan an zo ƙarƙashin linta ko taga aka ga saura milimita 150 maimakon 225. A nan layin yana bin tsawon bulon, kuma dole tsagewar ta ratsa fuska biyu da bango uku. Ka zana layin ya zagaye, ka yi kwarin a dogayen fuskokin biyu da gajerun ƙarshen biyu, ka ƙara yawan zagaye, kuma ka cire ɓangaren da ba ka so gutsure gutsure maimakon ka jira ya rabu gaba ɗaya. Ko a hannun gwani ana asarar wasu. Idan giɓin bai kai milimita 100 ba, ni ban cika wahalar da kaina ba, nakan sa a kafa katako gefe biyu a zuba kankare. Yankan gangare na bangon da ke bin jinkar kwano shi ma haka ake yinsa, a zana layin a fuska biyu, a yi kwari, a riƙa ɓantarowa daga kusurwar da za a yar ana matsowa kusa da layin.

Gurbin akwatin soket ko na fayif kuwa aikin ƙaramin cizal ne. Ka zaɓi wurin da ya dace da rami, ba kan bangon ciki ba, ka yi kwari a gefuna huɗu na gurbin, sannan ka huda tsakiya ka riƙa faɗaɗawa zuwa layin. Idan bangon an riga an gina shi, a bar kwaɓin ya yi kwanaki ya kama kafin a fara bugu, in ba haka ba girgizar za ta saki haɗin bulon da ke kewaye. A kula da tsagar da masu aikin wuta da na famfo suke yi a kwance. Ƙa'idar gini ta Ingila ta taƙaita zurfin tsaga ta tsaye ga kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, ta kwance kuma ga kashi ɗaya cikin shida, kuma hikimar a fili take: a bulo mai rami, fuskokin nan biyu su ne suke ɗauke da nauyi, wanda ya fasa fuska ɗaya a kwance daga wannan kwana zuwa waccan ya bar bangon yana tsaye da ƙafa ɗaya. Inda zai yiwu, a zura fayif ta cikin ramukan tun ana gini.

Game da lafiyar mai aiki, ido ne abin da na fi jin tsoro. Shekarun baya, a wani gini da nake kula da shi, wani yaro lebura yana riƙe da cizal ɗin da kansa ya baje kamar lema saboda yawan bugu. Da guduma ta sauka, sai wani ɗan ɓallin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya tashi ya shige masa gefen ido, sai da aka kai shi asibiti aka cire. Allah ya kiyaye idon bai mutu ba, amma tun daga ranar duk cizal ɗin da kansa ya fara bajewa nake sa a kai wa maƙeri ko mai walda ya goge shi, kuma ba na barin kowa ya yi yanka ba tabarau. Cizal mai robar kare hannu ya fi ga sabon shiga, kuma a riƙa kallon bakin cizal lokacin bugu, ba kansa ba. Ƙurar bulo tana ɗauke da garin yashi mai laushi wanda idan ya daɗe yana shiga huhu yake haddasa ciwon da ba ya warkewa. Aikin hannu ba ya tayar da ita kamar injin da ake yanka da shi a bushe, wannan ma wata fa'ida ce ta hanyar da kake tambaya a kai, amma duk da haka yayyafa ɗan ruwa a kan layin yana kwantar da ita, kuma a tsaya ta inda iska za ta ɗauke ta daga fuska.

Inda aikin hannu ba zai ba ka abin da kake so ba wurare ne kaɗan. Idan bangon ba za a yi masa filasta ba, ana son bulon ya fito fes kamar yadda ake yi a wasu katangu na ado, to bakin da cizal ya bari ba zai gamsar ba. Haka bulo toshe maras rami, wanda aka buga da tsakuwa a inji mai girgiza: yana rabuwa da hannu, amma yana cin lokaci da ƙarfi, kuma idan guda hamsin ne gara a yi hayar inji na yini ɗaya. Buɗe sabuwar ƙofa a tsohon bango shi ma ba a fara shi da guduma, sai an tokare abin da ke sama an zuba linta, sannan a cire bulon daga sama zuwa ƙasa. Amma ɗaki ɗaya da shago da za a shafe da filasta, cizal biyu da guduma ɗaya sun ishe ka. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan goma, kuma masu lissafin gini sukan ƙara kimanin biyar cikin ɗari saboda yanka da fashewa. Idan asararka ta wuce haka nesa, ka ɗauki bulo uku daga cikin waɗanda aka kawo maka, ka yanka su a kan yashi yadda na bayyana. Idan sun rabu a kan layi, hannun birkila ne yake buƙatar gyara. Idan sun marmashe, ka koma wurin mai bulo kafin a sauke maka wata mota. Ɓaraguzan da aka riga aka tara kuma kada a kwashe su zuwa bola, a farfasa su a zuba a cikon ƙasan shagon kafin a yi daɓe.